Saƙon da Bai Kai Tungar Kawu Ba

Ɗakin da na rubuta manhajata ta farko a cikinsa, da can gidan kallo ne. Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu sai aka rufe shi, mai shi ya kwashe talabijin ɗinsa ya koma sayar da kayan babur, ya bar bencina jingine da bango. Ɗakin ya yi shekaru a kulle kafin ƙungiyar masunta da manoman fadama ta garinmu Bagudo ta karɓe shi ta mayar da shi ofis. A nan suka ajiye kwamfuta guda ɗaya da wani mai neman kujera ya ba su, suka lulluɓe ta da tsohuwar atamfa, don ba wanda ya san ta inda ake kunna ta. Ana cikin haka sai ga ni na dawo daga birni da takardar karatun kwamfuta a hannu, aiki babu, kai kuwa ya kumbura har hula ba ta zama.

Abin da ƙungiya ke so ba shi da wuyar faɗi. Mu mutanen bakin kogin Kwara ruwa biyu muka sani. Akwai baƙin ruwa, mai zuwa lokacin sanyi a hankali, kowa ya gan shi tafe. Akwai kuma farin ruwa na damina, wanda in ya ga dama sai ya hau tudun da ya shekara goma bai taɓa ba. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji dattijo mai fataucin bandar kifi, yana da abokan ciniki can sama har Yamai, su ne ke aiko masa da labari idan sun ga ruwan ya wuce yadda aka saba. Daga jin labarin zuwa isowar ruwa wajenmu akan sami kwana uku, wani lokaci huɗu. A da, da Alhaji ya ji, sai a tashi mutum biyu, ɗaya a babur ɗaya a jirgin ruwa, su bi tungayen masunta ɗaya bayan ɗaya suna faɗa. Sukan dawo murya a dishe, amma ba tungar da suke tsallakewa.

To ga wayar salula ta shigo, kusan kowace tunga an sami mai ita. Alhaji ya kira ni ya yaye atamfar nan, ya tambaye ni ko wannan abin zai iya aika magana ɗaya ga kowa a lokaci ɗaya, a hutar da bayin Allah nan biyu. Na yi dariya irin ta wanda aka tambaya ko ya iya cin tuwo. Na ce manhaja kawai zan rubuta, wato in jera wa kwamfutar umarni ɗaya bayan ɗaya, a haɗa ta da wata tsohuwar waya da igiya, shi ke nan. Na ce ya ba ni sati biyu. Wata huɗu na yi.

Ni kuwa akwai tunga ɗaya da ta fi mini sauran duka. Tungar Kawu ce, yayan mahaifiyata, can gaba da garin Lolo, inda in ka hau tudun masallaci kana hango rufin kwano na mutanen Benin, ƙasar da tsofaffinmu har gobe Faransa suke ce mata. A nan aka haifi Inna. A nan nake yin kowane dogon hutu tun ina firamare har na gama sakandare. Wallahi har yau in na shiga kasuwa ƙamshin banda ya buge ni sai in tsaya, mai kifi ya yi ta yi mini tayi, ni kuwa hankalina yana can. Ina tuna hayaƙin da ke fita ta cikin zana da hantsi, da matar Kawu tana yi wa awaki faɗa da yarensu na Dandanci, ta juyo ta yi mana namu da Hausa. Ina tuna tuwon jar shinkafa da miyar kifi da ake zubo mana a akushi ɗaya mu takwas, da Kawu zaune a inuwar rumbu yana gyaran taru, zare a baki, ba ya amsa gaisuwa sai ya ƙulle inda yake.

Rumbuna uku ne a gidan Kawu, na ƙasa, an ɗora su kan duwatsu. Biyu na ci ne, shinkafar rani da geron da ake yankewa tun ruwa bai ɗauke ba. Na ukun na iri ne. Ruwa ya taɓa cinye su sau ɗaya ina ƙarami. Kawu ya sake ginawa, amma ya faɗa a gaban kowa cewa gini ɗaya ya rage a jikinsa, kuma ga shi ya yi. In ruwa ya sake cinye su, zai kwashe iyali ya bi dangin matarsa na tsallaken iyaka, masu tudu, da suka daɗe suna kiransa. Kawu kuwa ba ya faɗin magana sau biyu, kuma shi ne babba a tungar. In ya tashi, gidaje bakwai ɗin nan ba mai zama. Kwashe rumbu uku zuwa tudu a kwalekwale aikin kwana uku ne cur. Saboda haka a gidanmu kowa ya san abin da kwanakin nan uku na Alhaji ke nufi, kuma duk damina Inna ba ta sallame sallah ba ta ambaci rumbunan yayanta ba.

Kawu yana da 'ya, ta girme ni da shekara biyu, malamar firamare ce a Bagudo, a gidanmu take zaune wajen Inna. Taubashiyata ce ke nan, kuma ta riƙe taubasantakar nan da hannu biyu. Tun muna yara bawan gidansu take ce mini, tunda ni ɗan mace ne. Da na dawo daga birni ta ƙara mini girma na koma Injiniya, amma yadda take jan kalmar, gara bawan.

Manhajar kashi biyu na yi ta. Na farko na rubuta sunayen mutane da tungayensu ne, na biyu na lambobin waya da aika saƙo. Ranar da na gama na farko ta biyo ta ofis bayan an tashi makaranta, alli duk a gefen hijabinta. Na zaunar da ita don in burge ta. Na ce ta rubuta suna da sunan mahaifi. Ta rubuta suna ɗaya ta danna, manhaja ta ƙi. Na ce ai sai da sunan uba. Ta ce to mutumin da duk bakin ruwa ba wanda ya san shi sai da laƙabinsa fa, shi ruwa ba zai ci shi ba? Kashegari ta rubuta mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a tunga ɗaya, na biyun ya haɗiye na farko. Na ce wannan ai ba zai faru ba. Ta kawo mini misali a tungar ubanta, kuma na san su duka biyun, ɗaya ma ya taɓa marina a kan ƙugiya. Wata rana ina tsakiyar yi mata bayani ta miƙa hannu ta zare wayar wuta daga bango. Da na daka tsalle, ta ce janareta ba ya sallama kafin ya mutu. Muka kunna, sunayen da na yini ina sakawa duk sun tafi.

Kullum sai na koma gida ina huci, kullum kuma sai in gyara, manhajar ta ƙara ƙarfi. A lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan yarda ba, amma yammacin nan su ne mafi daɗin da na taɓa yi a wannan sana'a. Ƙofa a buɗe, sakataren ƙungiya, wani tsohon malamin gona, yana gyangyaɗi a benci, mai fura a bakin ƙofa tana korar ƙuda, ita kuma tana ɓare gyaɗa tana zuba ɓawon a aljihun rigata da na rataye. In ta gano kuskure ba ta magana, sai ta fara wata 'yar dariya ta hanci, kafaɗunta na rawa. Na yi aiki a ofisoshi masu sanyi bayan nan, da mutane masu manyan takardu, ban sake samun wanda zai ɓata yammacinsa haka kawai yana neman inda aikina zai karye ba. Ina kewar dariyar nan.

Ranar da abin ya ɓaci, Alhaji ne ya zo da dattawan ƙungiya su ga inda aka kwana. Na sa farar shadda, na share ɗaki, na nuna musu komai yana tafiya sumul. Har sun fara sa mini albarka sai ga ta da littattafan 'yan ajinta a hammata. Alhaji ya ce Malama ma ta taɓa mana mu gani. Ta zauna, ta ce akwai masuntan da damina suna wannan tunga, rani suna waccan, bari ta rubuta mutum ɗaya a wuri biyu. Tana dannawa fuskar kwamfuta ta cika da wani jan Turanci, komai ya tsaya cak. Na danna nan na danna can, ko gezau. Dattawa suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce ashe Malama ce injiniyan, shi wannan ɗan rakiya ne. Ita ma ta yi dariya, irin wadda ta saba, ba da wata manufa ba. Ni kuwa a raina na ce yau an kwance mini zani a kasuwa.

Ban iya ce mata ta daina zuwa ba, don ba ni da hujja. Sai na nemo wadda na san ba mai musa ta a wancan lokacin. Shekarun nan kowa a takatsantsan yake, wa'azi a kowace kusurwa, ana yawan maganar cakuɗuwar maza da mata, mace ko babur za ta hau sai ta duba wa ke kallo. Na sami Inna tana tsintar shinkafa na ce mata mutane sun fara magana, mace baliga da namijin da ba muharraminta ba a ɗaki ɗaya kullum, zamanin yanzu ba na da ba ne. Wallahi ba wanda ya ce komai, ni na ƙirƙira. Inna ta ajiye faifai, hankalinta ya tashi, don 'yar amana ce a hannunta.

Bayan la'asar taubashiyar tawa ta tare ni a bakin zaure. Ba dariya a fuskarta, abin da ban saba gani ba.

"Injiniya," ta ce, "in don na taɓa maka abin wasanka ne, ka faɗa, in bari. Amma kada ka raɓa shi ga addini."

Na ce ni ban san abin da take nufi ba. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta shige gida. Ba ta sake taka ƙofar ofishin ba. A gida muna gaisawa, takan ajiye mini abinci in Inna ba ta nan, amma bawan gidansu ya ƙare, Injiniya ma ya ƙare. Da sunana na yanka ta koma kirana, kuma ban taɓa jin sunan nan ya yi mini nauyi haka ba.

Kashi na biyu ni kaɗai na rubuta, ni kaɗai na gwada. Kai, na ji daɗin aikin nan. Ba mai zare waya, ba mai kawo mini mutum mai tunga biyu. Lambar waya a Najeriya goma sha ɗaya ce, da sifiri a farko. Sai na umarci manhaja ta cire sifirin, ta ɗora lambar ƙasarmu a gaba, ta aika. Kowace lamba aka ba ta haka za ta yi mata. Da saƙo ya fita daga kwamfuta kuma sai ta rubuta "An aika". Na saka lambata, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na saka ta Alhaji, ta sakatare, ta mai shagon magani na kusa da mu. Na aika sau ɗaya, na aika sau goma, har janareta na kashe a tsakiya don in nuna wa kaina ni ma na iya mugunta. Komai lafiya lau.

Yau da na tsufa a wannan aiki na san abin da nake yi a lokacin. Sunansa gwaji, amma lallashi ne. Wanda ya rubuta manhaja ya san abin da take so, hannunsa kuma shi yake ba ta ko bai yi niyya ba, kamar mai ciwon haƙori da bakinsa ya san gefen da zai tauna. Ina zaune ne ina neman ta ce mini na iya. Ita kuwa taubashiyata in ta zauna mutane take gani, wane da wane na bakin ruwa da halinsu da yawonsu, sai ta shigo da su ɗakin ɗaya bayan ɗaya ta ga ko an bar musu wurin zama. Ni ba wanda nake gani sai ni da wayar da ke aljihuna. Shi ya sa yanzu ko layi biyar na rubuta ba ya fita hannuna sai wani ya wahalar da shi, kuma in na ga abokin aiki ya ɓata rai don an gano masa kuskure ba na ganin laifinsa, na san zafin.

Sakatare ya bi kasuwannin bakin ruwa da littafi yana karɓar lambobi, yana gaya wa kowa cewa daga bana ba mai babur ba mai jirgi, a sa ido kan waya. Ya dawo ya yi sati biyu yana saka su da ɗan yatsa ɗaya. Manhaja ta karɓe su duka ba gardama. Ni ko leƙa littafin ban yi ba, a ganina aikin magatakarda ne, ya yi mini ƙanƙanta. Ranar da muka sake tara dattawa, na sa suka jera wayoyinsu a tabarma, na danna, duk suka ɗauki kuka lokaci ɗaya. Wanda ya ce mini ɗan rakiya ya kama hannuna da hannu biyu. Dukansu mutanen cikin Bagudo ne.

Aka shiga tsakiyar damina. Makarantu suka yi dogon hutu, taubashiyata ta tafi kwas ɗin malamai a wani gari mai nisa. Wata safiya Alhaji ya iso ofis ko hula bai daidaita ba, ya ce mutanensa na sama sun kira, ruwan bana ba na wasa ba ne. Na tada janareta, na rubuta cewa farin ruwa na tafe da ƙarfi, kowa ya kwashe rumbu da dabbobi zuwa tudu. Na danna. Sunaye suka riƙa gangarowa, gaban kowanne "An aika". Na ga na Kawu da idona.

Alhaji ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, shi da ba ya karanta boko. Sannan ya ce, "Ɗana, ko dai a tashi mutanen nan biyu su bi bayan saƙon, ko don bana kaɗai?"

Na ce masa in za a yi haka, to mene ne amfanin wahalar da na sha wata huɗu? Na ce saƙo ya riga ya shiga aljihun kowa tun kafin mai babur ya sa takalmi. Ya ce to, tunda ni ne masanin abin, ya bar mini. Ba a tashi kowa ba.

Da na koma gida Inna ta tambaye ni ko na kira kawuna na ji muryarsa. Ita ba ta da waya. Na ce ta kwantar da hankalinta, na ga sunansa, an aika. Lambar tana nan a littafin sakatare, tafiyar minti biyar daga gidanmu, kira ɗaya kawai. Ban yi ba, don a ganina kiran nan zai zama kamar ina shakkar aikina.

Kwana biyu manoman fadama daga wajen Geza da Matsinkai suna shigowa suna godiya, saƙo ya same su, sun kwashe abin da za su kwashe. Ni sai murmushi nake ina cewa ai ba komai. Ran na huɗu da hantsi wani mai jirgi ya sauko daga sama da labarin cewa tungayen bakin iyaka ruwa ya same su a zaune.

Hanyar mota ta yanke, a jirgin inji na tafi. Ban gane tungar ba sai da mai tuƙi ya nuna mini. Ruwa ya shafe komai, fari kamar kunu. Rumbun ƙasa kuwa, da ruwa ya jiƙa gindinsa sai ya zauna. Inda ukun suke jinka ɗaya kawai na gani, ta sarƙe a reshen giyayya tana juyawa. Mutane duk suna tudun masallaci, su da awaki da kaji da tukwane. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Mata sun shimfiɗa tabarmi suna shanya ɗan abin da aka tsamo, shinkafar har ta fara tsami.

Kawu yana zaune a kan turmin da aka kifa. Na durƙusa na gaishe shi na yi masa jaje. Ya amsa kamar kullum, har ya tambayi Inna. Sannan ya zaro wayarsa daga cikin leda a aljihun gaba, ya miƙo mini.

"Duba mani, ɗana. Ko ya shigo ne ban gani ba? Mun ji ƙishin-ƙishin ran kasuwa, amma munka ce in gaskiya ne ai ƙungiya za ta aiko. Kullum sai na bada an duba mani."

Na duba, ba komai. Sai idona ya kai saman fuskar wayar inda sunan kamfanin layi yake, na ga ba namu ba ne. Na tambaye shi lambarsa, ya juya wayar ya nuna mini takardar da aka manna a bayanta. Lamba takwas ce, ba sifiri a farko. Layin Benin ne. A shekarun nan daga Lolo zuwa gaba sabis ɗin Najeriya ba ya kaiwa, kowa layin tsallake yake sakawa. Manhajata ta karɓi lambobin nan, ta ɗora musu lambar Najeriya, ta jefa saƙon inda ba kowa, ta rubuta mini "An aika".

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan. Wa bai sani ba? Ni da na sha hawa tudun nan ina ɗaga wayata sama ina neman sabis, suna yi mini dariya suna cewa in sayi layin Faransa in huta. A matsayina na ɗan gida na sani sarai. Amma duk lokacin da na zauna gaban kwamfuta, wannan sanin a bakin ƙofa nake barinsa, kuma wadda za ta shigo mini da shi ni na kore ta.

Na faɗa wa Kawu gaskiya a gaban mutane, cewa ba wayarsa ba ce, ba sabis ba ne, ni ne. Na so ya zage ni. Sai ya ce haka Allah ya ƙaddara, kuma su ma da nasu, tunda suka zauna kallon aljihu ga ruwa a gabansu. Ya ce in tashi daga durƙuson, ƙasa da laima. Gyaran kuwa, da na koma Bagudo, layi huɗu ne, shayin da na haɗa bai huce ba na gama.

Da ruwa ya janye Kawu bai sake gini ba. Inna ta je da kanta ta roƙe shi, dattawan ƙungiya suka ce za a yi gayya a ɗaga masa rumbu. Ya yi godiya ya ce ya riga ya faɗa, ga shi ko irin da zai shuka babu. Gidaje biyu suka koma Lolo, sauran suka ce inda ya sa ƙafa nan za su sa. Taubashiyata ta dawo daga kwas ta tarar zance ya ƙare. Ta ajiye aikin koyarwa, ta ce ba za ta bar tsofaffi su fara sabon zama su kaɗai ba. Can ta zauna, can ta yi aure daga baya. In ka ji mutane na faɗa ba wani nisa ba ne, rabin yini. Amma akwai iyaka a tsakani, yau a buɗe gobe a rufe, kuma in na je a baƙo nake zuwa, a shimfiɗa mini tabarma mai kyau, a yanka kaza, kowa yana tambayata yaushe zan koma. Tungar kuwa ciyawa ta cinye ta. Inna har ta rasu ba ta yarda an bi da ita ta wajen ba. Ni nakan bi, in sa mai jirgi ya rage gudu, ya yi ta kallona bai san abin da nake dubawa ba.

Amma ranar tashinsu ce ba ta barina. Ni da Inna muka je rakiya. Jirage uku a bakin ruwa, an loda gadaje da tukwane da taru, har da ƙyauren ɗakin Kawu da ya ciro. Aka ba ni igiyar jirginsa in riƙe ana lodi. Taubashiyata ce ta ƙarshen shiga. Tun dawowarta ba ta ce mini komai a kan maganar ba, shirun kuwa ya ishe ni. Har a lokacin, kun ji hali, ina neman inda zan fake. Na ce mata a hankali, ko da na bar ta ta gwada kashi na biyun ba lalle ne ta gano ba, abu ne da zai iya wuce kowa.

Ta tattare hijabinta don kada ya jiƙe. Ba fushi a muryarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Lambar Baba zan fara sakawa," ta ce. "Ita kaɗai na haddace."

Ta shiga ta zauna kusa da mahaifiyarta, ta juya fuska wajen ruwa. Jirage biyu suka yi gaba, na Kawu bai motsa ba. Sai da Kawu ya waiwayo ya ce, "Ɗana, saki igiyar," sannan na ga ashe har yanzu tana hannuna.